Masu Cin Nama da Masu Cin Ganyen Wake: Tukunya da Riga a Tsohuwar Ƙasar Sin

A shekara ta 605 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, mutanen masarautar Chu suka aika wa sarkin Zheng, wata 'yar masarauta da ke tsakiyar ƙasar Sin, kyautar wata gawurtacciyar kififiya. Ran da za a dafa ta, wasu manyan fadawa biyu suna hanyar zuwa gaisuwa, sai yatsan ɗayansu, mai suna Zigong, ya kama rawa shi kaɗai. Ya nuna wa abokin tafiyarsa, ya ce duk ranar da yatsan nan ya yi masa haka, to bakinsa zai taɓa wani abu mai daɗi. Suna shiga fada suka iske mai girki yana shirin daddatsa kififiya. Suka dubi juna suka yi murmushi. Sarki ya tambayi abin dariya, aka kwashe labari aka gaya masa. Da lokacin rabon romo ya yi, sarki ya sa aka zuba wa kowa, ya kira Zigong ya zaunar da shi, amma ya hana a ba shi, don dai ya ƙaryata yatsan. Zigong ya hasala, ya miƙe, ya tsoma yatsa a tukunyar sarki, ya lashe, ya yi ficewarsa. Sarki ya ƙudura sai ya kashe shi. Zigong ya riga shi. Shekarar ba ta fita ba sai da shi da abokin nan nasa suka ga bayan sarkin.

Wanda ya ji labarin sama-sama zai ɗora laifin a kan kwaɗayi. Amma a idon waɗanda ke zaune a wurin, tukunyar da aka tsoma wa yatsa ta fi romon cikinta nauyi nesa ba kusa ba. Tukunya ce ta tagulla mai ƙafafu uku da kunnuwa biyu, suna kiran ta ding, kuma a zamanin daular Zhou da ita ake ƙirga girman mutum. Malaman da suka yi sharhin tsoffin littattafan al'ada sun ce babban sarki, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Sama, tukunya tara ake jera masa ta nama da akushi takwas na hatsi. Sarakunan da ke ƙarƙashinsa bakwai da shida. Manyan fadawa biyar da huɗu. Ƙananan masu sarauta uku, wasu ma ɗaya tak. Shekara guda kafin rikicin kififiya, sarkin Chu ya kawo rundunarsa kusa da birnin Ɗan Sama, ya tambayi jakadan da aka turo masa nauyin wasu tsoffin tukwane tara na gado da ke fada, waɗanda su ne alamar mulkin ƙasa. Kowa ya gane inda ya dosa. Har yau in Basine ya ce wane yana "tambayar tukunya", nufinsa mutumin ya ɗaura niyyar karɓe mulki.

To ko an bi wannan lissafi? A 1978 aka tono kabarin wani ƙaramin sarki mai suna Yi na masarautar Zeng, a lardin Hubei na yanzu, wanda ya mutu wajen shekara ta 433 kafin Miladiyya. A cikin kayan da aka binne shi da su akwai tukwane tara da akusa takwas cif. Wato mutumin da ƙa'ida ta yanka wa bakwai ya tafi lahira da kason Ɗan Sama. Ina ganin wannan kabari ya faɗi rabin abin da za a faɗa a kan maganar: dokar da ke raba mutane ta ci da sutura, da karya ta, tare suka taso, tare suka tsufa.

Sauran rabin kuwa yana wajen talaka. Wani tsohon littafin tarihin masarautu ya jero abin da kowa ke ci daga sama zuwa ƙasa: Ɗan Sama sa da rago da alade gaba ɗaya, mai bi masa sa kaɗai, a yi ta sauka har a zo kan ƙaramin mai sarauta da ke cin gasasshen kifi, sannan talaka, wanda aka rubuta masa ganye. Littafin ladubba ya ƙara da cewa sarkin yanki ba ya yanka sa ba dalili, bafade ba ya yanka rago ba dalili, talaka kuwa ba ya cin kayan marmari ba dalili. Dalilin da ake nufi shi ne biki ko yanka don kakanni. Daga nan masu mulki suka samu sunan da ya bi su shekaru aru-aru: masu cin nama. Talakawa kuma masu cin ganyen wake, abin da mu nan muke busarwa mu tara wa tumaki harawa. A shekara ta 684 kafin Miladiyya, da ƙasar Qi ta kawo wa Lu yaƙi, wani mutum mai suna Cao Gui ya ce zai je ya ga sarki. 'Yan garinsu suka ce masa masu cin nama na can suna shawara, me ya kai ka? Ya ce masu cin nama ba su da hangen nesa. Ya je, ya ba da shawara, aka kuwa ci yaƙin.

In ana son a san yadda nama da siliki suka yi wa talaka nisa, a dubi burin wani tsohon malamin falsafa mai suna Mengzi. Da yake kwatanta wa wani sarki ƙasar da ake mulki da adalci, cewa ya yi a bar kowane gida ya dasa bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta, ya yi kiwon kaji da aladu a kan kari, ta yadda ɗan shekara hamsin zai samu siliki ya sa, ɗan saba'in ya samu nama ya ci. Wannan fa shi ne mafarkin, ba abin da ke ƙasa ba. Matar manomi ita ke kiwon tsutsar, ita ke warware zaren, ita ke saƙa, amma silikin haraji yake tafiya. Abin da ke jikinta da na mijinta saƙa ce mai kaushi ta zaren ɓawon tsiro, kwatankwacin yadda ake fid da igiya daga rama. Shi ya sa kalmar buyi, wato mai rigar saƙi, ta zama sunan duk wanda ba shi da muƙami.

A nan nake ganin mutane da yawa suna kuskuren fahimtar waɗannan dokoki. Ba talaka aka rubuta wa su ba. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Manomin da ke cin abinci sau biyu a rana, kunun gero da ganye mai gishiri, ba ya bukatar ɗan doka ya tsaya a kansa kafin ya haƙura da siliki. Mutum biyu dokar ke hari. Na farko na ƙasa da kai a sarauta wanda ke leƙen kujerarka. Na biyu, wanda ya fi ba su ciwon kai, mai kuɗin da ba shi da sarauta.

Sinawa sun kasa jama'a gida huɗu: masu ilimi da ke riƙe aikin hukuma, manoma, masu sana'ar hannu, sai 'yan kasuwa a can ƙarshe. Hujjarsu ita ce manomi yana fid da abinci daga ƙasa, ɗan kasuwa kuwa ɗauko na wani kawai yake yi ya kai wa wani ya ci riba. Liu Bang, wanda ya kafa daular Han a shekara ta 202 kafin Miladiyya, kuma shi kansa ɗan manoma ne, bai daɗe da hawa ba ya hana 'yan kasuwa sa siliki da hawa keken doki, ya kuma lafta musu haraji don a ƙasƙanta su. Daga baya wani bafade mai suna Chao Cuo ya rubuta wa sarkin lokacin takarda yana kuka. Ya ce 'yan kasuwa mazansu ba sa noma, matansu ba sa saƙa, amma sai tufa mai ado suke sawa, sai hatsi mai kyau da nama suke ci. Ya rufe da maganar da ta dace da kusan kowane ƙarni da ya biyo baya: doka ta wulaƙanta ɗan kasuwa amma ɗan kasuwa ya riga ya yi arziki, doka ta girmama manomi amma manomi ya riga ya tsiyace.

Maganar launi daga baya ta kankama. A shekara ta 610 sarkin daular Sui ya raba wa jama'a launuka: ƙananan ma'aikata shuɗi, talakawa fari, mahauta da 'yan kasuwa baƙi, sojoji rawaya. A lura, rawaya a lokacin rigar soja ce. Sai a daular Tang da ta gaje ta sarakuna suka ɗauki wata rawaya mai duhu suka mai da ita tasu, a hankali aka hana kowa. Zuwa shekara ta 960 abin ya kafu har ya zama riga kaɗai ta isa naɗi: sojojin Zhao Kuangyin suka yafa masa rawayar riga a sansanin Chenqiao, suka faɗi suka yi gaisuwa, ya juyo da runduna babban birni ya kafa daular Song. Ga ma'aikatan hukuma, waɗanda aka kasa daraja tara, dokar shekara ta 630 ta ce daga daraja ta uku zuwa sama shunayya, ta huɗu da ta biyar ja, ta shida da ta bakwai kore, ta takwas da ta tara shuɗi. Bahaushen da ya san cewa ba kowane mai rawani ke fid da kunne biyu ba zai gane amfanin abin nan take. Tun daga nesa ka san wanda za ka durƙusa wa da wanda zai durƙusa maka, ba sai an yi gabatarwa ba. Mawaƙi Bai Juyi, da aka kore shi daga fada zuwa Jiangzhou a 815, bai tsaya dogon bayanin faɗuwarsa ba. Cewa kawai ya yi hawaye sun jiƙa shuɗiyar rigarsa, masu karatu suka gane har ina aka sauke shi.

A ɓangaren ciki, abin da ke daraja yana sauyawa da zamani, kuma ba kullum doka ke sauya shi ba. A daular Song naman rago ne na manya. Lissafin ɗakin girkin fada na shekara guda a zamanin sarki Shenzong ya nuna an ci naman rago sama da jin 430,000, na alade kuwa jin 4,000 da 'yan kai, kuma jin ɗaya ya ɗan haura rabin kilo. Dalilin tsadar a fili yake: makiyayar arewa tana hannun daulolin Liao da Xixia, tumaki da yawa sai an sayo su ta kasuwannin kan iyaka. Naman sa kuwa ba a maganarsa a fili, don sa shi ne garmar manomi. Dokar Tang ta yanke wa wanda ya yanka sansa na kansa aikin wahala na shekara guda.

Wanda ya fi nuna mana tazarar nan kusa-kusa shi ne Su Shi, babban malami kuma mawaƙi, wanda siyasa ta yi ta jefawa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Da aka kore shi zuwa Huangzhou a 1080, ya tarar naman alade arha kamar ƙasa. Ya ce masu hali ba sa yarda su ci, matalauta ba su iya dafawa ba. Ya zauna ya koyi dafa shi a wuta kaɗan-kaɗan da ruwa kaɗan, har yau akwai girkin da ake kira da sunansa. Da aka sake tura shi can kudu, Huizhou, a 1094, ya rubuta wa ƙanensa wasiƙa. Ya ce rago ɗaya ake yankawa a kasuwar garin kowace rana, shi kuwa korarre ba ya iya takara da masu muƙami a kan tsoka, don haka yakan raɗa wa mahauci ya ajiye masa ƙashin baya. Sai ya tafasa, ya jiƙa a giya, ya barbaɗa gishiri, ya gasa har ya ɗan ƙone, ya wuni yana tsokano ɗan naman da ke maƙale tsakanin gaɓoɓi. Ya tsokani ƙanen da cewa kai da ka shekara uku kana cin girkin hukuma, haƙorinka na nutsewa a tsoka bai taɓa gamuwa da ƙashi ba, ina za ka san wannan daɗi? Ya ƙara da cewa illar dabarar ɗaya ce: karnukan unguwa ba sa jin daɗinta. Mutumin nan ya taɓa zama minista. Muƙami na tafiya, tsoka ta bi shi.

Ga wanda ko ƙashin bai samu ba, akwai awara. Wannan awarar waken suya da ake soyawa a bakin titi a garuruwanmu, asalinta can ne, kuma ɗaya daga cikin ambatonta na farko a rubuce, a ƙarni na 10, labarin wani mataimakin hakimi ne mai tsantseni da ba ya sayen nama sai awara kullum, har mutanen gari suka laƙaba mata suna ragon mataimakin hakimi.

Sanyi ma ya san daraja. Kafin auduga ta yaɗu, mai hali yana cusa audugar siliki a cikin rigarsa ko ya sa fatar dabba mai gashi, matalauci kuwa ya cusa tsumma da kaikayin tsiro, wasu har rigar takarda da bargon takarda suke yi. A ƙarshen shekara ta 755 mawaƙi Du Fu ya rubuta baitin da kowane ɗan makaranta a Sin ya haddace, cewa a bayan jajayen ƙofofi giya da nama har wari suke, a bakin hanya kuwa ga ƙasusuwan waɗanda sanyi ya kashe. Auduga ce ta rage wannan azaba. A ƙarshen ƙarni na 13 wata mata mai suna Huang Daopo ta dawo yankin Songjiang daga tsibirin Hainan da dabarun gurza da kaɗi da saƙa, yankin ya zama cibiyar tufafin auduga. A ganina babu wata doka ta sarki da ta canza suturar talakan Sin kamar yadda wannan tsiro ya yi.

Sai mu zo kan mutumin da ya ɗauki maganar nan da zafi fiye da kowa, Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368 ya yi sarauta da sunan Hongwu. Ɗan matalautan manoma ne. A 1344 yunwa da annoba suka kashe iyayensa, gidan ba su da ko abin sayen akwatin gawa, shi kuma ya shiga gidan ibada ya yi yawon bara. Mai irin wannan tarihi, da ya samu mulki, sai ka zaci zai sassauta. Ina! Shi ne ya bi rayuwar mutane da ma'auni, inci-inci.

A 1381 ya ce iyalin manomi suna da izinin sa siliki mai laushi da mai shara-shara, ɗan kasuwa kuwa iyakarsa siliki maras ado da saƙi. Kuma in mutum ɗaya a gidan manoma ya shiga kasuwanci, duk gidan sun rasa izinin. A duba wannan raha: wanda aka ba izini ba shi da kuɗi, mai kuɗin an hana shi izini. A 1390 aka auna tsawon riga. Ta ma'aikacin alƙalami ta sauka har saura inci ɗaya ta taɓa ƙasa, hannunta ya wuce yatsu ya naɗo ya dawo gwiwar hannu. Ta talaka ta tsaya inci biyar daga ƙasa, ta soja inci bakwai. Ma'anar a bayyane take, mai irin wancan hannun riga ba ya riƙe fartanya. A 1392 aka hana talakawa takalmin fata mai dogon wuya, sai mutanen lardunan arewa masu tsananin sanyi aka yi wa rangwamen wani maras ado. A 1393 doka ta shiga har cikin kwanuka: manyan fadawa butar giya da ƙoƙonta na zinariya, na tsakiya buta ta azurfa ƙoƙo na zinariya, talaka buta ta kuza. Matar talaka ba ta sa ja mai haske, ba ta sa rawaya, abin hannunta da na gashinta azurfa ne, ban da zinariya da lu'ulu'u. Mazan gidajen makaɗa da karuwai, waɗanda ake ɗauka ƙasa da talaka ma, an tilasta musu ɗaura koren ƙyalle a ka, al'adar da aka gada daga daular Yuan. Tabon bai goge ba: har gobe ba a ba Basine kyautar koriyar hula, don sa koriyar hula na nufin matarsa tana cin amanarsa.

Rana ɗaya aka ɗaga wa talaka ƙafa. Ranar aurensa doka ta yarda ya ari rigar ma'aikaci mai daraja ta tara, mafi ƙanƙanta, ya sha ado, kamar dai yadda amarya a wurinmu kan sha alkyabba ko gidansu ba a taɓa naɗa kowa ba. Washegari a mayar.

A zamanin Hongwu ne kuma, a 1391, aka tsara tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake ɗinkawa a ƙirji da bayan rigar ma'aikaci. Masu alƙalami tsuntsaye, masu takobi namun daji. Mai daraja ta ɗaya a farar hula yana ɗauke da wani farin tsuntsu dangin gauraka, na uku dawisu, na shida balbela, a yi ta sauka har kan 'yan ƙananan tsuntsaye. Manyan hafsoshi zaki, na ƙasa da su damisa. Dodon nan na almara mai jikin maciji da ƙafafu, wanda suke kira long, in faratansa biyar ne na gidan sarauta ne. Wanda sarki ya so ya karrama sai a ba shi mai farata huɗu, a kuma canza masa suna don kada a ce dodon sarki ne.

Duk wannan gini bai yi ƙarni ɗaya da rabi a tsaye ba. Kuɗi masu gidan rana suka shigo. Azurfa ta riƙa kwararowa daga Japan, sannan bayan Sifaniyawa sun kafa Manila a 1571, daga ma'adinan nahiyar Amurka, ana musayarta da siliki da tangaran. Garuruwa irin su Suzhou da Hangzhou suka cika da masaƙa da attajirai, kuma Suzhou ce ke yanke abin da ake yayi, ba fada ba. Tun kafin nan ma an ga alama. A wajejen 1470 zuwa 1480 wani ɗan fatari da ake saƙawa da gashin jelar doki, wanda ake sawa a ciki don riga ta buɗe kamar laima, ya shigo Beijing daga Koriya. Attajirai suka fara, manyan fadawa suka ɗauka, har wani jami'i ya kai ƙara cewa ana tsige jelar dawakin soja a ɓoye. Sai da aka haramta shi a farkon sarautar Hongzhi.

Dattawan ƙarni na 16 sun bar mana ƙorafi mai yawa, kuma daga ƙorafin ne muka san abin da ya faru. He Liangjun na Songjiang ya ce yana yaro in an yi baƙi, 'ya'yan itace kala biyar da girki kala biyar ake kawowa, amma da ya manyanta walimar yau da kullum ma sai kala goma, ana neman abin da ya fito daga nesa don a burge. Wani tsohon jami'i mai suna Li Le ya shiga birni ya ga ɗaliban ilimi sanye da ja da shunayya kamar mata, ya ce ya koma gida da hawaye. Wasu suka yi ta kukan cewa yanzu ba a bambance baran gida da ɗan mai gida, ko matar dillali da matar minista. Ƙorafin nasu ba na ɓarnar kuɗi ba ne kawai. Tsoronsu shi ne in ido ya kasa karanta mutum daga rigarsa, to girmamawar da mulki ya dogara a kanta ta fara zubewa.

Abin ban dariya, a wannan zamani na wadata jami'in da ya tsaya a kan albashinsa na halal shi ya koma abin kallo, don albashin da Hongwu ya yanka ƙanƙane ne ƙwarai. Hai Rui, hakimin gundumar Chun'an, rigar saƙi yake sawa, tsohon baransa ke noma masa ganye a bayan ofis. Ran da ya sayi nama jin biyu don bikin ranar haihuwar mahaifiyarsa, babban gwamnan yankin, Hu Zongxian, da kansa ya riƙa ba mutane labari kamar an ga wata da rana.

Da Manchu, wata al'umma daga arewa maso gabas, suka karɓi Beijing a 1644 suka shimfiɗa mulkin daularsu ta Qing, sutura ta ɗauki wani nauyi dabam. A 1645 aka ba kowane namiji kwana goma ya aske gaban kansa, ya kitse sauran jela guda a baya, ya koma yankan riga irin na Manchu. Maganar da ta yaɗu ita ce in ka bar gashi ka rasa kai, in kana son kai ka rasa gashi. Garin Jiangyin ya yi tawaye a kan haka, ya riƙe kwana 81 kafin a ci shi a karkashe mutanensa. Bayan an gama da wannan, sababbin sarakunan suka ɗauki tsarin darajoji na Ming suka ƙara masa kaya. A ƙololuwar hular ma'aikaci aka dasa ɗan dutse: jan yaƙutu ga daraja ta ɗaya, murjani ga ta biyu, shuɗin yaƙutu ga ta uku, har zuwa ƙarfe mai ruwan zinariya a ƙasa. Gashin dawisu mai ido ɗaya ko biyu ko uku, kyautar sarki ce, kuma mai ido uku 'yan ƙalilan ne suka taɓa samu. A cikin gidan sarki kuwa ko kwanon cin abinci yana faɗin matsayin mai shi. Uwargida, sarauniya, tangaran ɗinta rawaya ne ciki da waje. Mai bi mata rawaya a waje, fari a ciki. Na gaba rawaya da koren dodo, sai shuɗi da rawayan dodo, a yi ta sauka. Kason nama na kullum shi ma haka, mai bi wa sarauniya jin 12, ƙwarƙwarar da ke can ƙarshen layi jin ɗaya da rabi. Kishi a irin wannan gida ba ya bukatar magana, kwano ya isa.

Dokar takan yi barci shekara da shekaru, sai ranar da ake neman mutum a tashe ta. Heshen, ɗan lelen sarki Qianlong, ya tara dukiyar da ba a taɓa jin irinta ba, ba wanda ya ce masa kanzil. Qianlong na mutuwa a 1799, magajinsa Jiaqing ya kama shi da laifuka ashirin. A cikinsu akwai cewa an samu lu'ulu'u a gidansa da ya fi na kan hular sarki girma, da duwatsun hula masu yawa na darajar da ba tasa ba, da ɗakunan da ya gina da katakon da ya kwaikwayi fada. Ko a mutuwar sai da aka duba daraja: maimakon a yayyanka shi a bainar jama'a, aka aika masa farin ƙyallen siliki ya rataye kansa a gida.

Ɗan kasuwa fa, wanda aka fara farauta tun zamanin Liu Bang? Shi hukuma ta ƙare da sayar masa da abin da ta hana shi. Duk lokacin da baitulmali ya yi ƙasa, saboda yaƙi ko ambaliya, sai a buɗe ƙofar "gudummawa": ka ba da azurfa, a ba ka daraja da tambarinta da dutsen hularta, ko da ba za ka taɓa zama a ofis ba. Attajiran gishiri na Yangzhou sun yi fice a nan. Shugabansu Jiang Chun ya sha ɗaukar nauyin saukar Qianlong a rangadinsa na kudu, har ake yi masa kirari da mai rigar saƙi da ya yi abota da Ɗan Sama, alhali mutumin ya daɗe da sayen rigar da ta fi ta hakimai da yawa. Bayan tawayen Taiping, wani babban yaƙin basasa a tsakiyar ƙarni na 19, cinikin ya zama ruwan dare, dutsen gilashi ya maye gurbin yaƙutu a huluna da dama.

A 1905 aka soke jarrabawar shiga aikin hukuma, a 1912 daular Qing ta faɗi, aka bi mutane da almakashi ana yanke jela. Tamburan ƙirji suka zube a kasuwar 'yan gwanjo ta Beijing, Turawa suka riƙa saye suna yin murfin matashi da jakar hannu da su. Masu tara irin waɗannan kaya sun lura da wani abu a tamburan ƙarshen zamanin: da yawa ba a saƙa tsuntsun tare da ƙyallen ba. Masu ɗinki sukan yi gajimare da rana da igiyar ruwa su bar gurbi a tsakiya, mai saye ya zaɓi tsuntsun da kuɗinsa ya kai a liƙa masa, in ya ƙara biya aka ɗaga shi, a ɓamɓare balbela a ɗinka dawisu.